Randar da Haƙoranta Suka Ƙi Haɗuwa

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami. Ku matan ajinmu na yaƙi da jahilci, kun ishe ni da tambayar abin da ya kai ni Gure har kwana biyu da randa a kai. To, ga shi na rubuta. Wadda har yanzu take haɗa baƙi da ƙyar ta nemi mai karanta mata, amma daga yau kada a sake tare ni a bakin rijiya.

Ga waɗanda ba su san tushen maganar ba: shekara talatin da ɗaya ni da maƙwabciyata Ya Fanna muna aikin randa tare. Ni ke gini, ita ke zane. Ni in kwaɓa yumɓu da garin katangar fasassun tukwane, in tayar da gindi, in fitar da ciki, in ɗora wuya. Randa na shan iska, tun ba ta bushe ba, tun ma ban gama shafe kafaɗarta ba, sai Fanna ta ture ni ta ce, "Matsa, Tsahara, kin cika shafe-shafe." Ta shafa jan ƙasa, ta goge da ƴaƴan kuka, sannan ta jera zanen haƙora masu tsini da farar ƙasa kewaye da kafaɗa. Haƙora goma sha bakwai, na ƙarshe ya taɓa na farko cif. Ban taɓa ganin ta auna ba.

Bara da kaka, a kasuwar Gidigir, wata mata ta tsaya tana yabon zanen, tana ta yabo, ko kallon ginin ba ta yi ba. Raina ya ɓaci. Na ce da ƙarfi, "Zane ba ya riƙe ruwa, baiwar Allah. Kaza ma in ta taka ɗanyen yumɓu zane take yi." Layin masu tukwane duka suka yi dariya. Fanna ba ta yi ba. Bayan kwana huɗu ta ɗaure kayanta ta tafi Gure wurin ɗanta Mamman, wanda ke mushe a lakwal, wato malamin makarantar boko.

Na ce ta tafi mana. Na gina randa, na shafe ta sumul yadda ban taɓa samun dama ba, na ɗauki gashin kaza na fara haƙora. Na farko ya fito kamar na raƙumi. Da na zagayo baya wuri ya ƙare, na ƙarshen suka matse kamar na ɓera, aka bar wani gurbi da ba haƙori ba, ba fili ba. Na gwada sau shida. Malam Gaji mai sarin randunanmu ya duba marasa zanen, ya duba masu zanena, ya ce mata "mai haƙora" suke tambaya, shi ba zai ɗora wa jakinsa abin da zai dawo da shi ba. Ga bazara ta matso, lokacin da randa ke da daraja. In ta wuce ni haka, sai in rufe ramin yumɓu in koma sayar da ƙuli-ƙuli. Abin da ya tayar da ni ke nan.

Rana ta farko: daga gida zuwa Gidigir

Ƙarfe biyar da minti goma a agogon salula, ana idar da sallar asuba, na naɗe mafi dama-dama cikin randunan shida da tsohon zane, na fito da ita ƙofar gida. Maigidana Malam Issa ya haska ta da tocila.

"Ina za ki da wannan?"

"Sayarwa."

"A Gure?"

"Mutanen birni suna son sabon abu."

"Allah ya sa makaho ya fara zuwa," in ji shi. Da na hau amalanken Baba Ari sai ya ƙara da cewa, "Ki gaida Ya Fanna."

"Wa ya ce maka wurinta za ni?"

"Zanen Salla kika ɗaura."

Na ce wa Baba Ari mu tafi. Mutumin nan shekara arba'in ba ya magana, ranar da zai yi kuwa sai ta shiga ƙashi.

Daga garinmu zuwa gudron, wato titin kwalta, kilomita tara ne, rairayi zalla. Baba Ari ya karɓi dala sittin. Sansa mai jan amalanken ya tsufa kamar shi, su biyun ba mai gaggawar isa ko'ina. Na rungume randa, ɓangaren gurbin a jikin cikina, muka bi ta cikin goruba da gonakin da aka riga aka cire kara. Ƙarfe bakwai da rabi muka hau gudron a Gidigir. Na sha shayi da rabin burodi, dala talatin. Mai shayin ya tsuga sukari kamar na ubansa ne ba na saye ba, Allah ya yi masa albarka.

Daga Gidigir zuwa Gure

Motar ƴar bas ce fara, ko kuwa an taɓa yi mata farin fenti a zamanin da. A samanta akwai buhunan kanwa, da taya, da awaki uku da aka ɗaure suna kuka. Direban, wani mai gemu ja da lalle, ya dubi randata.

"Inna, wannan sama za ta hau."

"Kai ka hau sama, ita ta tuƙa."

"Ba wuri a ciki."

"Wurin mutum nawa ne?"

"Jaka da rabi."

"To ga nawa, ga nata."

Ya juya kuɗin a hannu, ya ce tun da yake bin hanyar nan bai taɓa ɗaukar fasinja mai ciki kamar wannan ba, in ta haihu a mota ba ruwansa. Aka zaunar da ita kusa da taga, ni a gefenta. Wani dattijo da ke bayanmu ya ce, "Wannan amarya ko gaisuwa ba ta yi?" Na ce masa tana da kunya, ba kamar wasu tsofaffi ba. Bai sake magana ba sai da muka sauka.

Muka tashi ƙarfe tara da minti arba'in. Direba ya ce kilomita hamsin ne ko kusa da haka. Ban musa ba, amma in aka haɗa da kauce wa ramuka da ya yi ta yi, dama da hagu, mun yi saba'in. Kowane rami sai na ji shi a ƙuguna da a randa. Ga abin mamaki: ina addu'a kada ta fashe, wata zuciyar tana cewa da ta fashe da na huta da kunya.

A bariyen shiga gari, shingen da ake binciken motoci, aka tsayar da mu. Wani jandarma dogo ya leƙo yana karɓar kart, katin shaida. Na ba shi tawa. Ya nuna randa ya ce, "Ita fa, ina tata?" Aka yi dariya. Ya ɗaga zanen don ya ga abin da ke ciki, kuma da yake Allah ya tashi tona ni, ta wajen gurbin ya ɗaga. Ya tsaya. Ya karkata kai.

"Inna, ginin nan ya yi kyau. Jikanki ne ya yi miki wannan ɓarna?"

"Shi ne," na ce. "Yaro ne mara kunya."

"A ja masa kunne."

"Ana kan ja."

Allah ya yafe mini, ya yafe wa jikana da ko tafiya bai fara ba. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin da biyar muka shiga tashar Gure.

Gure

Masu kabu-kabu suka yanyame ni. Na tambaye su wane ne zai ɗauki randa a babur ya kai ta da rai, kowa ya kama gabansa. Na yi gammo na ɗora ta a kai. An kwatanta mini unguwar, bayan lakwal ta wajen duwatsu, amma ba a kwatanta gidan ba. Ashe ba sai na tambaya ba. Na yi tafiyar minti ashirin da biyar, ina shan kwana sai ga katangar wani gida da haƙora farare tun daga wannan kusurwa har waccan. Ƙofar ma haƙora. Na yi sallama.

Zara matar Mamman ta fito da gudu ta taya ni saukewa. Can ƙarƙashin rumfa Ya Fanna na zaune ta miƙe ƙafa, ta yi ƙiba, tana riƙe da gashin kaza tana zane murfin kwano. Ta ɗago ta gan ni, ta mayar da kai.

"Zara, ki gaya wa baƙuwa sannu da hanya. Ki ce kaza tana kiwo, ba ta da lokacin gaisuwa."

"Zara," na ce, "ki gaya mata ba wurinta na zo ba, kasuwa na zo. Rana ce ta yi zafi."

Haka muka wuni. Taku uku tsakaninmu, yarinyar mutane tana kai saƙo tana kawowa kamar ƴar aike. An kawo burabusko da miyar yakuwa da nama. Muka ci a akushi ɗaya, don Zara ta rantse ba ta da na biyu mai tsabta, kowace tana tura wa ɗaya tsoka da yatsa ba tare da ta dube ta ba.

Da la'asar Zara ta ja ni wajen murhu. "Inna, don girman Allah ki tafi da ita. Ta zane katanga, ta zane turmi, ta zane bidon ruwa. Jiya na kama ta tana kallon akuya. Mamman ya kawo allon lakwal gida don ya gyara, ya mayar da shi da haƙora." Na ce ni ba ruwana, randa na zo sayarwa. Ta dubi randar a naɗe, ta dube ni, ta ce, "To, Inna."

A ɗakin Fanna aka yi mini shimfiɗa. Kowace ta ba ɗaya baya. Munsharinta yana nan yadda na san shi.

Rana ta biyu

Da hantsi, ƙarfe tara, Zara ta ce in zo in ga inda take ajiye itace. Bayan ɗakin girki, ƙarƙashin wata tsohuwar tabarma, tuluna biyar ne a kife. Ta ce Fanna ta je wurin wata magina a bakin gari ta sayo su ɗanyu, ta zane, aka gasa mata. Na ɗaga na farko. Farar ƙasar ta kwanta lafiya, layin hannun Fanna ne ba shakka, amma da na juya shi sai ga haƙori na ƙarshe ya hau kan na farko. Na biyu, gurbi. Na uku ta cike gurbin da wani abu kamar ganye, don ɓoye laifi. Wallahi daɗin da na ji a lokacin ban ji shi ba ranar da aka ba ni takardar gama aji.

Na ɗauko na ukun na dire a gabanta. Na bar Zara ta huta, na yi magana da bakina.

"Ya Fanna, wannan ganyen na miya ne ko na magani?"

Ta dubi tulun. Ta miƙe ta je kan randata ta warware zanen. Ta juya ta a hankali, tun daga haƙorin raƙumi har zuwa na ɓera. Da ta iso gurbin sai ta zauna a ƙasa. Ta yi dariya har tari ya kama ta, Zara ta kawo ruwa, ta sha, ta sake duba, ta koma dariya.

"Tsahara, wa ya gani?"

"Jandarma."

"Me ya ce?"

"Ya ce a ja wa yaron kunne."

Sai da ta share hawaye sannan ta ɗora hannu a kafaɗar randar. Ta zagaya da yatsu sau ɗaya, sau biyu. Dariyar ta ɗauke.

"Me kika yi wa kafaɗar nan?"

"Na gyara ta. Da ba ki nan kina ture ni, na samu na shafe ta yadda ya kamata."

"Kin kashe ta dai. Taso."

Ta kai ni gindin bishiyar dalbejiya inda randar shan gidan take. Tamu ce, ta shekara uku da suka wuce, ita ta zo da ita. Ta ce in rufe ido. Na ce ni ba yarinya ba ce. Ta ce in rufe ko ta rufe mini. Ta kama yatsana ta ɗora a kan tsinin haƙori ɗaya. Na ji ɗan lotsawa, kaɗan ƙwarai, wanda ido ba ya gani. Ta matsar da yatsan zuwa tsini na gaba. Wani lotsawar. Na gaba, wani. Muka zagaya randa, goma sha bakwai.

"Babban yatsanki ne," in ji ta. "In kina haɗa wuya da kafaɗa kina zagaya randa da baya-baya, kowane taku sai ki danna. Takunki bai taɓa canzawa ba, gajerun ƙafafun nan naki. Ni ban taɓa auna komai ba. Inda kika danna nake sa tsini."

Na buɗe ido. Shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar wannan lotsawa aibi ne, ina jin haushin matar nan da ba ta bari in shafe shi. Ashe shi take karewa daga hannuna. Ni kuwa tana tafiya na shafe hanyar da aka shimfiɗa mini, na zauna ina lalube a kan sumul kamar tulunan maginar bakin gari.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Da na gaya miki da kin fara ƙirga taku, ki ɓata. Kuma kanki da ma da ƙyar yake shiga ƙofa."

"Ke nan zanen nawa ne."

"Ga naki can," ta ce, ta nuna randar da na zo da ita. "Ga nawa kuma," ta nuna mai ganye. Muka tsaya muna kallon su biyun. Ba wadda za ka ba maƙiyinka.

Na ce mata bazara ta matso. Na ce yumɓun bana ya yi kyau. Na ce ɗakinta yana nan, na sa an gyara jinka. Na zagaya ko'ina ban da inda ya kamata. Ta bar ni na gama sannan ta ce, "A kasuwar Gidigir kika mai da ni kaza. A can za ki mai da ni mutum. Gobe kasuwa."

Na ce a nan ma ai zan iya ba ta haƙuri, ga Zara shaida. Ta ce Zara ba ta cikin masu dariya.

Da Mamman ya dawo daga lakwal ya ji uwarsa za ta koma gida, ya yi ta cewa ai da ta ƙara ko wata ɗaya. Zara ta taka masa ƙafa. Na gani.

Rana ta uku: komawa

Ƙarfe shida da kwata muna tasha. Randar na bar wa Zara, ta ce za ta juya gurbin wajen bango ta zuba gero. Ta yi mana guzurin dabino da cuku. Motar shekaranjiya muka samu, da mai jan gemunta.

"Inna, ina fasinjarki mai ciki?"

"Ga ta nan," na nuna Fanna. "Ta yi baki."

"Cikin dai yana nan," in ji shi. Fanna ta kai masa duka da mafici, ya kauce. Jaka da rabi nawa, jaka da rabi nata, a wurin taga inda randa ta zauna. A bariye jandarman nan ne dai. Ya gane ni, ya tambaya ko an ja wa yaron kunne. Fanna ta riga ni: "Yanzu za mu je a ja, ɗana. A gaban jama'a."

Muka sauka Gidigir ƙarfe takwas da minti hamsin, kasuwa ta fara cika. Daga gudron zuwa layin masu tukwane bai fi taku ɗari biyu ba, amma ya fi mini hanyar Gure nisa. Duk suna nan, waɗanda suka yi dariya bara, har da Malam Gaji da jakinsa. Fanna ta nemi turmi a kife ta zauna, ta gyara mayafi kamar mai jiran a ɗauke ta hoto.

Na tsaya a tsakiya. Ku da kuka san muryata kun san ba ta buƙatar lasifika.

"Jama'a, bara a nan na ce zane aikin kaza ne. To, na koma gida na gwada. Ni ban iya ba, kuma na fi kaza hankali, ko da yake maigidana yana da ja. Randa ba zanen Ya Fanna tulun banza ce. Na yi ƙarya, na ci mutuncinta, ina ba ta haƙuri a gabanku. Wadda ta yi dariya bara ita ma ta zo ta ba da nata."

Aka fashe da dariya, amma mata uku sun zo sun durƙusa. Wata ta ce, "Ya Fanna, ke ba za ki ce komai ba?" Ta miƙe ta kakkaɓe zane ta ce, "Ni ma na gwada ginin wata, ban ji daɗi ba. Gajeruwar nan ta fi." A wurinta wannan waƙar yabo ce. Malam Gaji ya ce a ajiye masa randunan gashin farko duka.

Baba Ari ya kwaso mu ƙarfe goma sha ɗaya, muka iso gida ana kiran azahar. Malam Issa na zaune a ƙofa. Ya dubi Fanna ya ce, "An sayar da randar ke nan." Na ce an yi musaya.

Saura abu ɗaya, don kada ku ce na ɓoye. Washegari na tayar da randa, na zo ɗora wuya, sai na ji ina ƙirgawa: ɗaya, biyu, uku. Ƙafata ta rikice, yatsana ya rasa inda zai danna. Abin da Fanna ta ji tsoro ya faru. Na tsaya da yumɓu a hannu. Fanna ta dube ni daga inda take jiƙa farar ƙasa, ta gane. Sai ta ce, "Af, na manta ban gaya miki ba. Miyar da kika yi ranar sunan jikanki, kowa ya ce ba gishiri."

Miyata! Na hau ta da faɗa. Na tuna mata tuwon da ta yi shekarar fara, da ɗan akuyata da ya mutu a hannunta, da tabarmar da ta ƙona mini. Ina faɗa ina zagayawa da baya-baya, ban san na kai ƙarshe ba sai da na ji an ture ni.

"Matsa, kin cika shafe-shafe."

Na matsa. Ta rufe ido ta zagaya da yatsu, ta tsoma gashin kaza. Goma sha bakwai, na ƙarshe ya taɓa na farko.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Baba Ari da sansa, da mai jan gemu, da Zara da ta ciyar da ni ta kuma tona asirin surukarta, da malamarmu da ta koya mini riƙe alƙalami. Ku kuma maƙwabta, in kun ji zagi na tashi daga gidanmu da hantsi, kada kowa ya zo rabo. Aiki muke yi.